Dukiyar Ɓatacce

Birnin Kudu, sha biyu ga Sha'aban, 1287

Daga Kulu zuwa ga yayana Malam Hambali a Gwaram. Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, kai da Zahara'u da yara.

Bayan haka, geron da ka aiko ya iso, Allah ya saka da alheri. Jiya aka yi sadakar arba'in ta maigidana Malam. Masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa, gidan ya yi mini faɗi. Daga ni sai A'i. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san iyakar abin da na ɗauka a gaban Baba, kuma ragowar tawadar Malam nake ƙarasawa.

Yaya, Jummai mai daddawa ta dawo daga kasuwarku da wani labari da ya hana ni zama wuri ɗaya. Ta ce wani dattijo ɗan Kwandiko ya sauka a garinku, wanda aka kama tun yana saurayi aka ƙetare ruwan gishiri da shi, yanzu ya dawo bayan shekara talatin da wani abu. Ta ce sunan ƙasar Amirka. Ta ce an yi yaƙi a can a kan bayi, an sake su duka, har baƙar fata irinmu yana zama cikin masu yanke shawarar ƙasa. Na san Jummai, ba ta sayar da labari sai ta ƙara masa gishiri. Amma ko rabinsa ne gaskiya ya ishe ni.

Ina roƙonka ka je ka same shi ka tambaye shi ɗanka, ɗan farina da ba na kama sunansa. Ka gaya masa shekara goma sha biyu ke nan da mahara suka ɗauke shi a hanyar Kwandiko, yana ɗan shekara sha biyar. Dogo ne, yana da tabo a girar hagu inda jaki ya harbe shi, idan ya yi fushi yana in'ina. Ya sauke Alƙur'ani, rubutunsa ya fi na Malam kyau. Ka gaya masa wani bafatake ya taɓa rantse mini ya ga mai wannan tabo a kasuwar Bida, ana shirin yin kudu da su.

Da ba don takaba ba, da ƙafata zan taho. Jummai za ta biyo ayarin masu kanwa ranar Asabar, ka ba ta amsa ko layi biyu ne.

Wassalam. Ƙanwarka.

*

Gwaram, ashirin ga Sha'aban

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Daga Hambali zuwa ga ƙanwarsa Kulu, gaisuwa da aminci da ƙarin ta'aziyya. Allah ya haskaka kabarin mijinki, ya ba ki juriya.

Bayan haka, na je. Sunan mutumin Abdulsalami. A zauren limamin unguwarmu yake kwana, don a Kwandiko bai tarar da kowa nasa ba, tsagar fuskarsa ce kawai ta shaide shi. Hausarsa ta yi tsatsa, yana magana kamar mai tafiya cikin ƙaya. Jama'a na cika zauren kullum sai ka ce gardi ya kawo kura.

Na ba shi kamannin Ɗan'azumi ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe yana tunani, sannan ya ce bai gan shi ba. Ya ce faɗin ƙasar ya kai daga nan zuwa Makka, kuma ba duk wanda aka zuba a jirgi ake kaiwa can ba, akwai tsibiran rake inda shi kansa ya fara bauta. Ya ce kuma suna na farko da ake ƙwace wa mutum shi ne nasa.

Labarin Jummai kuwa, wannan karon ba ta ƙara da yawa ba. An yi yaƙi shekara huɗu tsakanin arewacin ƙasar da kudancinta. An 'yanta bayi. Shugaban da ya sa hannu a kan haka an harbe shi. Ya ce su ba su da sarautar gado, duk shekara huɗu maza ke jefa takarda a akwati, wanda ƙuri'arsa ta fi yawa ya hau. Shi kansa ya jefa har sau biyu. Kafin ya taso, an zaunar da baƙar fata a babbar majalisarsu, a tsakiyar Turawa.

Ni dai ban ga abin sha'awa ba. Ƙasar da ake tuɓe sarki duk shekara huɗu kamar rumbu ne da ake ɗage wa jinka a tsakiyar damina. Amma na ƙaru da abu ɗaya. Kin tuna shekarun da Nufawa suka riƙa zuwa suna wawar auduga don jiragen Nasara da ke Lakwaja, na cire dawa na zuba auduga a gonata kaf, bayan shekara biyu suka ɗauke ƙafa suka bar ni da ita? Ashe yaƙin Amirka ne ya tsayar da tasu audugar. Da suka shirya, aka manta da mu. Mutanen da ban taɓa jin sunansu ba su suka sa aka tuƙa tuwon dusa a gidana. Na gaya wa dattijon haka, ya yi dariya har da tari, ya ce shi ma audugar ce ta cinye masa baya, mu biyu mun zama 'yan uwa.

Kulu, kada ki ɗora rai a kan wannan magana. Ki kama tasbihinki ki ƙarasa takabarki.

Haza wassalam.

*

Birnin Kudu, biyu ga watan Azumi

Zuwa ga Yaya, gaisuwa da barka da shan ruwa.

Ka ce kada in ɗora rai. To ai bai ce ya mutu ba, cewa ya yi bai gan shi ba. Ni ma ban taɓa ganin Lakwaja ba, ga shi kuwa ta ci maka dawa.

Batun sarkin shekara huɗu, ni ban ga laifinsa ba. Wanda ya san za a sake tambayarsa ai zai riƙa gaida mutane. Kuma in har ana zaunar da baƙaƙe a majalisa, wa za a ɗauka in ba mai karatu ba? Yaron nan ya iya rubutu tun kafin gemu. Tun da na karanta takardarka nake ganinsa cikin babbar riga yana magana, Turawa na saurare, in'inar ta tafi. Na san za ka ce hauka ne. Ina zagaya tsakar gida kamar kaza mai neman wurin ƙwai, na fara wanki in bari, in fara kaɗi in bari.

Amma na yi wani kuskure, shi ne dalilin wannan takarda. Muna zaune da A'i muna gurzar auduga, daɗi ya ɗebe ni na ɗauko takardarka na karanta mata da ƙarfi, har ina maimaita wurin da aka ce an 'yanta bayi. Wallahi, Yaya, na manta ko ita wace ce. Shekara goma sha biyu muna cin tuwo a ƙwarya ɗaya. Sai na ji dutsen gurza ya yi shiru.

Ta ce, "Inna, duka aka sake? Har na cikin gida?"

Na ce haka yayana ya rubuto.

Ta ci gaba da gurza, ba ta ɗago ba. Can ta ce, "To in ubangidana ya zama ɗa a can, wa zai tuna masa ya bar baiwa a nan?"



Ba na jin ka san yadda maganar A'i take. Tana 'yar shekara goma aka kawo ta daga duwatsu, bayan wani yaƙi da namu suka kai. Ranar saukar yaron nan Malam ya ba shi ita kyauta a gaban shaidu. Wata uku bayan haka aka ɗauke shi. Saboda haka A'i ba ta Malam ba ce, ba tawa ba ce, tasa ce. Akwai wani maƙeri a Wurno, Ɗan'auta, mutumin kirki, shekara uku yana zuwa yana so ya fanshe ta ya aura. Kullum Malam sai ya ce masa a bari bayan kaka. Da aka yi arba'in ya sake zuwa, aka kai maganar gaban alƙali. Alƙali ya ce dukiyar ɓatacce ba a sayar da ita, ba a kyautar da ita, ba a 'yanta ta, sai mai ita ya dawo, ko ya cika shekara saba'in da haihuwa, ko shaidu su tabbatar ya mutu. Na lissafa da yatsu. Saura shekara arba'in da uku.

Shaidun kuwa suna nan, mutanen Kangire biyu da aka kama su tare da shi, daga baya danginsu suka fanso su. Su ne suka zo suka ce zazzaɓi ya kayar da shi a kwana na uku a bakin wani rafi, na fatattake su da muciya. Alƙali ya aiko cewa maganarsu tana da rauni, amma zai karɓa idan uwa ba ta musa ba. In na musa, ya ajiye komai yadda yake.

Yaya zan yi in bari a rubuta ya mutu, a daidai lokacin da na ji an buɗe wa irinsa ƙofa?

Ka tambayar mini dattijon, in ƙasar ta gyaru haka, me ya dawo da shi. Ka tambaye shi kuma jirgi wata nawa yake yi a ruwa.

Wassalam. Kulu.

*

Gwaram, sha ɗaya ga Ramadan

Daga Hambali zuwa ga Kulu, sallama da fatan Allah ya karɓi ibadarmu.

Bayan haka, na tambaye shi. Jirgi ya yi da shi kusan wata biyu, sannan ya tako daga Eko, can bakin teku, da ƙafa. Abin da ya dawo da shi kuwa ga shi. Ya ce da yaƙi ya ƙare an yanka wa wasunsu gonaki daga filayen iyayengijinsu, har sun shuka sun girbe. Sai shugaban da ya gaji wanda aka harbe ya ce a mayar wa masu su. Aka mayar. Yanzu 'yantattun suna noma audugar nan dai a gonakin nan dai, in an girbe a raba, mai gona shi ke riƙe da ma'auni. Bayan ya jefa ƙuri'a ta biyu, wasu mahaya masu rufe fuska suka ƙone masa ɗaki, suka ce in ya sake kusantar akwati da shi za su haɗa. Matarsa ta riga ta rasu, ba su da ɗa. Sai ya ce gara ƙasar Kwandiko ta ci shi. Wannan ita ce majalisar da kike ɗinka wa ɗanki riga dominta.

Yanzu ki saurare ni, don zan karya alkawari, amma wanda na yi wa ya riga mu gidan gaskiya, kuma na ga shirun yana neman cin wata.

Mijinki ya yarda da maganar mutanen Kangire. Shekara takwas da suka wuce, lokacin da ya ce miki zai zo Gwaram duba wani littafi, ba littafi ya kawo shi ba. A zaurena ya tara malamai aka yi wa Ɗan'azumi addu'a, Zahara'u ta dama gumba aka raba. Ya yi kuka irin wanda ban taɓa ganin namiji ya yi ba. Ya ce in rufe, don in kin ji ba za ki rayu ba. Shi ya sa yake ta ɗaga wa maƙerin nan kaka bayan kaka. Ba ya iya zuwa gaban alƙali ba tare da kin sani ba, ba ya kuma iya gaya miki.

Ban faɗa don in ƙona miki rai cikin azumi ba. Ki yafe masa, ki yafe mini.

Haza wassalam.

*

Birnin Kudu, sha takwas ga Azumi

Zuwa ga Malam Hambali. Sallama.

Na karanta. Wato kun zauna kun ci gumbar ɗana, Malam ya dawo gida na tarye shi da ruwa ina tambayarsa ko ya sami littafin, ya ce mini ya samu. Shekara takwas ina fitar da rigar yaron nan ina shanyawa saboda gara, yana zaune a kan buzu yana kallona. Kai ma ka zo gidan nan sau nawa ka gani, ka ce mini sannu da aiki.

Ina cikin takabar mutum, ina fushi da shi, ba ni da inda zan kai ƙara. Kada ka sake rubuto mini sai na neme ka.

Tambaya ɗaya gare ni, ba kai nake wa ba. Jummai za ta kai wa liman ya karanta wa dattijon. Ina so in sani, shi uwarsa ta yi masa sadaka?

Kulu.

*

Gwaram, ashirin da bakwai ga Ramadan

Daga Abdulsalami ɗan Kwandiko zuwa ga uwar Ɗan'azumi. Ni ke faɗa, liman ke rubutawa, yana gyara mini inda harshena ya karkace. Ina gaishe ki, ina yi miki ta'aziyya.

Kin tambayi uwata. Na tarar ta shekara tara da rasuwa. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta gaya mini a shekara ta bakwai da ɗauke ni ta yi mini sadaka, waina ta toya. Ta ce kuma bayan sadakar ba ta daina fita bakin hanya ba duk ranar da ayari ya shigo. Da na ji ban ji haushi ba. Ranar da take toya wainar nan, ni ina can ina saran rake, ban ji komai a jikina ba. Sadaka ba ta kashe mai rai. Wataƙila ma ita ta tsare ni.

Ɗanki ban gan shi ba, ba zan yi miki ƙarya don ki ji sanyi ba. Ba zan kuma ce ya mutu ba. Bayan yaƙi na ga mata irinki cike da hanyoyi, ƙafa duk ta fashe, suna bi gari gari suna faɗin tabon 'ya'yansu. Wasu sun samu. Da yawa ba su samu ba.

Yayanki ya ba ki labarin ƙasar can ta ɓangaren ɗaci, don shi auduga ta ɓata masa rai. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, amma ya rage. Ranar da na fara jefa takarda a akwati, Baturen da ya taɓa sa a yi mini bulala yana tsaye a bayana cikin layi yana jiran in gama. Ranar da aka karanta mana cewa baƙar fata ya zauna a majalisa, mun rungumi juna muna kuka, mu da ba mu san shi ba, ba zai taɓa sanin mu ba. Washegari na koma gonar da na saba, da buhun da na saba. Cikina bai cika ba. Amma da na ga ba zan iya ba, na ɗauki sandata na tafi, babu wanda ya isa ya sa karnuka su bi ni. Iyakar abin da aka ba ni ke nan, kuma ban raina ba.

Jummai ta ba ni labarin yarinyar gidanki. Ni baƙo ne, cin tuwon sadaka nake, ba ni da bakin gaya wa kowa yadda zai yi da gidansa. A nan ma masu zuwa jin labarina suna ta Allah wadai da Turawa, ga wanda ke riƙe musu takalmi tsugune a ƙofar zaure, ni kuwa in yi shiru in sha furar da suka kawo. Abin da na sani kawai, shekara ba tsawonta ɗaya ba a wurin mai jira da wanda ake jira ya sake shi.

Allah ya haɗa ki da ɗanki, a nan ko a can. Ki sa ni a addu'a.

*

Birnin Kudu, ashirin ga watan Ƙaramar Salla

Zuwa ga Yaya Hambali. Gaisuwa, da barka da salla ko da ta wuce. Ban huce duka ba, amma ba ni da wani yaya.

Na sa an kira mutanen Kangire. Suka zauna a zaure, ni ina bayan zana, limamin unguwarmu na tsakani. Shekara goma sha biyu ban bari sun kai ƙarshen maganarsu ba, wannan karon na cije na ji. Babban ya ce da igiya ɗaya aka ɗaure su. A kwana na biyu jikin yaron ya yi zafi, a na uku ya kasa tashi, maharan suka kwance shi suka bar shi a gindin wata ɗorawa a bakin rafi. Ya ce ya waiwaya ya ga ba ya motsi, idonsa a buɗe, ya rantse ya cika. Ƙaramin ya ce shi ma ya ga haka, amma tsakaninsa da Allah bai taɓa ƙirjinsa ba. Ya ce da daddare kafin nan yaron ya yi musu karatu don su daina kuka, har maharan suka yi shiru.

Ka ga inda aka bar ni. Ɗaya ya rufe ƙofa, ɗaya ya bar ta a sakaye. Bafataken da ya ce ya gan shi a Bida kuwa, na tuna yanzu sai da na ba shi tuwo da nama sannan ya tuna da tabon.

Kwana uku ban yi wa A'i maganar ba, ita ma ba ta yi mini ba. Muna wuce juna a tsakar gida kamar baƙi. Ranar Laraba tana yi mini tsifa, don ba a kitso a takaba, na ce mata ta faɗi abin da ke ranta. Ta ce ba ta da abin faɗa. Na matsa. Sai ta ce ita ba ta ce in kashe shi ba, shi ne ya koya mata Fatiha, kuma bai taɓa ɗaga mata murya ba. Ta ce in na ce a jira, za ta jira, dama ba a tambayi ra'ayinta ba ranar da aka kawo ta. Na ce to Ɗan'auta fa. Ta ce maƙeri ba ya barin ƙarfe ya huce, zai sami wata.

Sannan ta ce, "Inna, ni ma fa wata ce ta haife ni. Ban sani ba ko tana shanya zanena."

Yaya, shekara goma sha biyu ina kuka a gaban yarinyar nan, tana share mini hawaye, ban taɓa tambayarta sunan uwarta ba. Ranar na tambaya. Ta faɗa mini, suna ne irin na mutanen duwatsu, bakina ya kasa juya shi. Ta yi dariya ta ce haka nata bakin ya yi da nawa da farko.

Na aika wa alƙali da tambaya. Ya ce in aka tabbatar da mutuwar, A'i za ta faɗa cikin gado, kuma ƙanen Malam, Bappa, yana da rabo a ciki. Ka san Bappa, ba mugu ba ne amma ba ya barin abu ya wuce shi. Hanya ɗaya ce, in tattara rabona na wajen ɗa da na wajen miji duka a ɗora a kan A'i, in bar masa gida da gona. In na yi haka sai ka share mini ɗaki a Gwaram. Ka tambayi Zahara'u ko za ta iya da ni, na zama mai yawan magana.

Ban yanke ba. Da safe in tashi na yanke, kafin azahar in warware. In na rufe ido ina ganinsa a gindin ɗorawa, in na buɗe ina ganinsa a layin nan da dattijon ya faɗa, da takarda a hannu, Bature na jira a bayansa. Ina jin kamar in na yi shiru a gaban alƙali ni ce na kwance igiyar na tafi na bar shi.

Ina fita takaba ranar goma ga Zulƙida. Alƙali ya ce in zo washegari.

Ka gaida Malam Abdulsalami. Ka ce masa takardarsa tana cikin tulun da nake ajiye takardun Malam.

Wassalam. Ƙanwarka Kulu.

*

Birnin Kudu, sha biyar ga Zulƙida

Yaya, sallama.

Na je. Shaidu suka faɗi abin da suka faɗa. Alƙali ya tambaye ni ko ina da musu, har sau uku. Na yi shiru har sau uku. Ya rubuta.

A zaman nan aka ɗora rabona a kan A'i, na ce a gaban kowa na 'yanta ta don Allah, ba na karɓar fansa, abin da Ɗan'auta ya tanada ya zama sadakinta. Aka ba ta takarda. Ba ta iya karatu ba, ta ba ni na karanta mata, ta ce in sake. Jiya aka ɗaura aure, yau da hantsi suka yi Wurno. Ta durƙusa ta gaishe ni, ba ta yi kuka ba. Ni na yi.

Bappa ya ba ni zuwa ƙarshen wata. Ranar Alhamis zan yi sadakar ɗanka, da hannuna zan dama gumbar. Ka zo da jaki biyu saboda kayana. Ka zo da Malam Abdulsalami in ƙafarsa za ta iya, ina so shi ya fara ɗaukar gumbar.

Wassalam. Kulu.